Ciyar da Saniya Mai Ciki: Tasirinsa a kan Dakashi da Lafiyar Maraƙi

Gabatarwa

Kiwon shanu yana daga cikin manyan sana'o'in da al'ummar jiharmu suka dogara da su, tun daga makiyayan da ke rugage har zuwa manoman da ke ɗaure saniya ɗaya ko biyu a bayan gida. Garke kuwa ba ya haɓaka sai da maruƙa. Duk maraƙin da ya mutu, mai shi ya yi asarar watanni tara na ɗawainiya, ya yi asarar san noma ko karsanar da za ta maye gurbin uwarta. Sau da yawa ma har da asarar nono, domin yawancin shanunmu na gida ba sa sakin nono yadda ya kamata idan babu ɗansu a kusa.

Mafi yawan mace-macen maruƙa suna faruwa ne a makonnin farko na haihuwa, ta hanyar zawo da ciwon huhu da ciwon cibiya. Idan aka bi sawun waɗannan cututtuka, akan tarar da cewa maraƙin bai sami isasshen dakashi a kan lokaci ba. Idan aka ƙara matsawa baya kuma, akan tarar da cewa matsalar ta faro ne daga irin kulawar da uwar ta samu a watanni biyu na ƙarshen cikinta. Mun shirya wannan bayani ne domin makiyaya da manoma da malaman gona da shugabannin al'umma su fahimci yadda waɗannan abubuwa suke haɗe da juna, da kuma matakan da za a iya ɗauka da abin da ake da shi a hannu.

Mene ne dakashi?

Dakashi shi ne nonon farko da saniya ke fitarwa da zarar ta haihu. Yana da kauri da danƙo, launinsa kuma ruwan ɗorawa ne. Jikin saniya yakan fara haɗa shi ne tun saura makonni uku zuwa biyar ta haihu, lokacin da hantsa ke janyo sinadaran garkuwar jiki daga jinin uwa tana tarawa. Da ta haihu, wannan aiki ya tsaya. Abin da ta tara shi ke nan, ba ƙari.

Bambancin dakashi da nonon yau da kullum babba ne. Idan aka ƙafar da ruwan da ke cikinsu, abin da zai rage a dakashi ya kai kusan kashi 24 cikin ɗari, alhali a nono bai wuce kashi 12 zuwa 13 ba. Furotin, wato sinadarin gina jiki, ya kai kimanin kashi 14 cikin ɗari a dakashi, a nono kuwa kashi 3 ne da ɗan ɗoriya. Haka nan dakashi ya fi nono maiƙo, ya kuma ninka shi sau da yawa wajen bitamin A.

Abin da ya fi muhimmanci a cikinsa shi ne sinadaran garkuwa, waɗanda likitocin dabbobi ke kira imyunogulobulin. Nau'in da ya fi yawa a dakashin saniya shi ne wanda ake taƙaitawa da IgG. Masana sun amince cewa dakashi mai inganci shi ne wanda ke ɗauke da aƙalla giram 50 na IgG a kowace lita. Nonon yau da kullum bai kai giram ɗaya a lita ba. Ke nan babu yawan nonon da zai iya tsayawa a madadin dakashi.

Tatsar farko ce dakashi na ainihi. Daga tatsa ta biyu ƙarfinsa yake raguwa, har ya zama nono sosai bayan kwana uku zuwa biyar. Wannan nono na tsaka-tsaki shi ma yana da amfani ƙwarai ga hanjin maraƙi, don haka bai kamata a hana shi ba.

Dalilin da ya sa maraƙi ya dogara da dakashi

Jaririn ɗan Adam yakan sami garkuwa daga jinin mahaifiyarsa tun yana ciki. A shanu ba haka abin yake ba. Mabiyiyar saniya an halicce ta ne da shinge mai kauri tsakanin jinin uwa da na ɗa, wanda ba ya barin sinadaran garkuwa su ƙetare. Saboda haka maraƙi yakan faɗo duniya kusan ba shi da wata kariya a jininsa, ya kuma faɗo ne a tsakiyar garke, inda ƙasa da kashin shanu ke cike da ƙwayoyin cuta.

A sa'o'in farko na rayuwa, bangon ƙaramin hanjin maraƙi yana da wata baiwa ta ɗan lokaci: yana iya ɗaukar sinadaran garkuwa ɗungurungum ya zuba su cikin jini ba tare da an narkar da su ba. Wannan ƙofa ta fi buɗewa a sa'o'i biyu na farko. Bayan sa'o'i shida ta fara tsukewa sosai, zuwa sa'o'i goma sha biyu ta ragu ƙwarai, kuma bayan kwana ɗaya ta rufe. Dakashin da aka bayar bayan haka abinci ne mai kyau, yana kuma taimaka wa hanji, amma ba zai shiga jini ba. Ya kamata a sani cewa ta wannan ƙofa ƙwayoyin cuta ma suke shiga. Idan ƙazanta ta riga dakashi isa cikin maraƙi, cuta ce za ta fara samun masauki.

Garkuwar da maraƙi ya aro daga uwa ita ke riƙe shi har jikinsa ya fara ƙera tasa a makonnin da ke biye. Likitoci suna auna ta a jini tsakanin kwana ɗaya zuwa bakwai da haihuwa. Idan IgG bai kai giram 10 a lita ɗaya ta ruwan jini ba, ana ɗaukar cewa maraƙin bai sami kariya ba. A shekarar 2020 masana kiwon maruƙa a Amurka suka ɗaga mizanin, suka kasa shi gida huɗu, inda suka sanya giram 25 ko fiye a matsayin mataki mafi kyau.

Watanni biyu na ƙarshe

Saniya tana ɗaukar ciki na kimanin wata tara da kwana goma. A watannin farko ɗan tayi ƙarami ne, ba ya neman abinci mai yawa. Amma kusan kashi biyu cikin uku na girmansa yana samuwa ne a watanni biyu zuwa uku na ƙarshe. A daidai wannan lokaci ne hantsa ke sabunta kanta, a lokacin ne kuma ake haɗa dakashi. Ayyuka uku ne manya suka haɗu a jiki guda. Karsana mai cikin fari kuwa tana da na huɗu, domin ita kanta ba ta gama girma ba.

Wani abin lura shi ne, yayin da buƙata ke hawa, cin abinci sauka yake yi. Ɗan tayi yana danne tumbi, ga kuma sauyin da ke faruwa a jiki gab da haihuwa, don haka a makon ƙarshe saniya takan rage cin abinci da kashi 10 zuwa 30 cikin ɗari. Wannan ne ya sa ba a magance buƙatarta da tarin kara ko busasshiyar ciyawa kawai. Tana buƙatar abincin da kaɗan daga cikinsa yake ɗauke da amfani mai yawa.

Ya zama wajibi makiyayi ya riƙe lokacin da bijimi ya hau saniyarsa, ko ranar da aka yi mata barbarar zamani. Wanda bai san lokacin ɗaukar ciki ba, ba zai san lokacin fara shiri ba. Malamin dabbobi yana iya dubawa ya kimanta watannin cikin.

Yadda abinci yake shafar dakashi

A nan akwai wani batu da ya kamata a fahimta da kyau. Binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban ya nuna cewa ɗan bambancin abinci ba ya sauya yawan sinadaran garkuwa a kowace lita ta dakashi sosai. Jikin saniya yana fifita ɗanta a kan kansa, har yakan ci naman jikinsa domin ya haɗa dakashi. Illar rashin abinci takan ɓullo ne ta wasu hanyoyi, waɗanda suka fi wannan haɗari.

Na farko, yawan dakashin yakan ragu. Ramammiyar saniya takan haihu da motsattsiyar hantsa, abin da ke ciki bai isa ya cika cikin maraƙi ba, ko da kuwa yana da kauri.

Na biyu, maraƙin yakan zo da rauni. Ɗan ramammiyar saniya yakan daɗe bai miƙe ba, yakan daɗe bai kama nono ba, ba ya kuma iya riƙe ɗumin jikinsa idan an haife shi cikin hunturu. Duk sa'ar da ya yi a kwance, ƙofar hanjinsa tana ƙara tsukewa.

Na uku, an ga cewa maruƙan da uwayensu suka yi fama da matsanancin ƙarancin furotin a ƙarshen ciki ba sa ɗaukar sinadaran garkuwa cikin jini kamar takwarorinsu, ko da an ba su dakashi mai kyau.

Na huɗu, naƙuda takan yi wa saniya mai rauni tsawo. Maraƙin da ya sha wahala wajen fitowa yakan zo a galabaice, ba shi da ƙarfin tsotso.

Akwai masu ganin cewa rage wa saniya abinci zai sa ɗan ya zo ƙarami, haihuwa ta yi sauƙi. Wannan kuskure ne. Yunwa tana ɗan rage nauyin maraƙi, amma ba ta rage wahalar haihuwa, sai dai ta karya ƙarfin yunƙurin uwar. Hanyar kauce wa wahalar haihuwa ita ce zaɓen bijimin da ya dace da girman saniya, da kuma barin karsana ta girma sosai kafin ta ɗauki ciki.

A ɗaya ɓangaren kuma, ƙiba ita ma matsala ce, musamman ga masu kiwon shanun madara 'yan ƙetare irin su Firisiyan da ruwa-biyunsu a gefen birane. Wani bincike da aka wallafa a shekarar 2016 daga Jami'ar Kwanel da ke Amurka ya gano cewa shanun da aka ɗura wa abinci mai ƙarfi fiye da buƙatarsu a lokacin hutun tatsa sun ba da dakashi mai ƙarancin IgG, idan aka kwatanta da waɗanda aka ba daidai buƙatarsu. Saniya mai kitse da yawa ta fi saurin daina cin abinci gab da haihuwa, kitse yakan taru a hantarta, mabiyiya takan maƙale, haihuwa kuma takan zo da wuya.

Abin da ake nema shi ne tsaka-tsaki. Masana suna auna jikin saniyar madara da maki ɗaya zuwa biyar, inda ɗaya ke nufin ramammiya ƙwarai, biyar kuma mai kitse fiye da kima. Ana son ta haihu tana tsakanin uku zuwa uku da rabi. A aikace, idan ana ƙirga haƙarƙarinta ɗaya bayan ɗaya daga nesa, kuma gindin wutsiyarta ya yi rami, ta rame. Idan an shafa ba a jin ƙashin ƙugu da na haƙarƙari saboda kitse, ta wuce kima.

Gishiri, ma'adinai da bitamin

Buƙatar waɗannan kaɗan ce, amma rashinsu yana da tsada. Ga muhimmai daga cikinsu:

1. Bitamin A. Saniya tana samunsa daga ɗanyar ciyawa da ɗanyen ganye. Kaɗan ne ke ƙetarawa zuwa ɗan tayi, don haka maraƙi ya dogara ne da wanda ke cikin dakashi. Saniyar da ta yi watanni tana cin busasshen kara takan ba da dakashi mai ƙarancinsa. Bitamin A shi ke kare fatar cikin hanji da huhu da ido.

2. Bitamin E da siliniyam. Waɗannan biyu tare suke aiki. Siliniyam yana ratsa mabiyiya ya isa ga ɗan tayi, bitamin E kuwa sai ta dakashi. Rashinsu yana jawo raunin tsoka ga maraƙi da maƙalewar mabiyiya ga uwa. Siliniyam guba ne idan ya yi yawa, saboda haka allurarsa sai da umarnin likita.

3. Fosfaras. Ƙasar yankin sabana a arewacin Nijeriya an san ta da ƙarancin wannan ma'adini, kuma yakan ƙara raguwa a busasshiyar ciyawa. Idan shanu suka fara tauna ƙashi da itace da tsummoki, alama ce ta rashinsa. Dusa da ƙuli-ƙulin angurya suna da shi.

4. Aidin. Rashinsa yana sa a haifi maraƙi da maƙoƙo, ko mai rauni, ko ma matacce. Gishiri mai aidin yana maganin wannan.

5. Kofa da zinki. Ɗan tayi yana tara kofa a hantarsa kafin haihuwa, domin nono ba shi da shi da yawa. Dukansu biyu suna taimaka wa garkuwar jiki.

Hanya mafi sauƙi ita ce ajiye dunƙulen gishirin lasa mai haɗe da ma'adinai a inda shanu ke kwana. Kanwa da makiyayanmu suka saba bayarwa tana da nata amfanin, amma ba ta wadatar da fosfaras, ba ta kuma tsayawa a madadin gishirin lasa. Ga masu shanun madara masu yawan nono, muna jan hankali cewa yawan kanwa da yawan kalsiyam a makonni uku na ƙarshe suna iya jawo ciwon nan da ke kwantar da saniya bayan haihuwa, wanda ke faruwa idan kalsiyam ɗin jininta ya faɗi. Saniyar da ta kasa tashi kuwa ba za ta shayar da ɗanta ba. Ya fi kyau a dakatar da kanwa a wannan lokaci ga irin waɗannan shanu, a kuma nemi shawarar likita.

Matsalar rani da bazara

Yanayinmu ya sa wannan batu ya fi shafarmu. Shanu da yawa sukan ɗauki ciki da damina, lokacin da suka murmure. Saniyar da ta ɗauki ciki a watan Yuli za ta haihu ne a Afrilu, wato watanninta biyu na ƙarshe sun faɗa cikin Fabrairu da Maris, lokacin da daji ya bushe, gonaki suka zama fili, zafi kuma ya fara tsananta. Furotin ɗin da ke cikin busasshiyar ciyawar daji a wannan lokaci yakan sauka zuwa kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari. Ƙananan halittun da ke narkar da abinci a tumbin saniya suna buƙatar kimanin kashi 7 kafin su yi aiki sosai, ita kuwa saniya mai tsohon ciki tana buƙatar kashi 12 ko fiye a jimillar abincinta, karsana ma sama da haka.

Cike wannan giɓi ba sai da kayan ƙetare ba. Muna da abubuwa kamar haka:

1. Harawar wake da ta gyaɗa. Su ne kan gaba, musamman idan an ɗaure su da ganyensu, an kuma adana su a kan rufi ko rumfa inda rana da ruwa ba su lalata su ba.

2. Kowar wake da 'ya'yan gawo. Gawo yana zubar da 'ya'yansa ne da rani, daidai lokacin da ake nemansu.

3. Dusar masara da ta dawa da ta gero da ta alkama. Suna ba da ƙarfi da fosfaras.

4. Angurya da ƙuli-ƙulinta, da ƙuli-ƙulin gyaɗa ko na waken suya. Su ne suka fi furotin. Angurya ta dace da manyan shanu, amma ba a ba ƙananan maruƙan da tumbinsu bai fara aiki ba, domin tana ɗauke da wani sinadari da ke cutar da su.

5. Ciyawar shukawa irin su lablab da sitailo. A shekarun 1980 cibiyar ILCA ta gwada killatattun gonakin sitailo tare da makiyaya a kudancin jihar Kaduna domin ciyar da shanu masu ciki da masu shayarwa da rani. Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta daɗe tana aiki a kan irin waɗannan ciyayi.

Ga saniyar gida irin Bunaji ko Bokolo ko Rahaji, ƙarin kilo ɗaya zuwa biyu a rana na haɗin dusa da ƙuli-ƙuli, tare da ɗaurin harawa, bayan kiwon da ta saba, yana kawo bambanci a fili. A fara da kaɗan, a riƙa ƙarawa cikin mako ɗaya zuwa biyu, domin sauya abinci farat ɗaya yana ɓata tumbi. Yana da kyau mutum ya auna mudunsa a sikeli sau ɗaya, ya san nauyin dusar da yake ɗauka. A guji duk abincin da ya yi funfuna, musamman gyaɗa da masara, saboda gubar da ke cikinsa tana raunana garkuwar jiki, tana kuma fita a nono. Kada kuma kowa ya zuba takin yuriya a abincin dabba ba tare da malamin gona ya koya masa ba, domin kuskure kaɗan yana kisa.

Wanda abincin da ya tanada bai isa garke duka ba, sai ya ware masu tsohon ciki ya fifita su, ya fara da karsana da ramammu. Idan aka haɗa su wuri ɗaya da manyan shanu, masu ƙarfi ne za su cinye.

Ruwa, inuwa da hutun tatsa

Saniya mai ciki tana buƙatar lita 30 zuwa 50 na ruwa a rana, fiye da haka ma lokacin zafi. Idan ruwa ya yi ƙaranci, cin abinci ma raguwa yake yi. Haka kuma doguwar tafiya zuwa kiwo ko mashaya tana cinye ƙarfin da ya kamata ya tafi ga ɗan tayi, don haka a bar masu tsohon ciki kusa da gida.

Zafi kansa yana da illa. Binciken Jami'ar Fulorida a Amurka ya nuna cewa shanun madarar da suka sha zafi a makonnin ƙarshe na ciki sun haifi maruƙa marasa nauyi, waɗanda kuma ba su ɗauki sinadaran garkuwa sosai ba. Shanunmu na gida sun fi jure zafi, amma inuwar itace ko rumfar kara tana amfanarsu, ga 'yan ƙetare da ruwa-biyu kuwa dole ce.

Sai batun hutun tatsa. Ana so a daina tatsar saniya, a kuma yaye tsohon maraƙinta, saura kwana 45 zuwa 60 ta haihu. Idan hutun bai kai makonni uku ba, ko kuma ba a yi shi ba sam, dakashin yakan zo kaɗan ko tsinkakke. Kada a tatsi saniya kafin ta haihu don an ga hantsa ta cika, domin dakashin ake zubarwa. Idan kuma an ga nono yana zuba da kansa kwanaki kafin haihuwa, a shirya nemo dakashi daga wata saniya.

Garkuwar da ke cikin dakashi hoton cututtukan da uwar ta taɓa haɗuwa da su ne, ko aka yi mata rigakafinsu. Shi ya sa dakashin saniyar da ta haihu sau uku ko fiye yakan fi na karsana ƙarfi, shi ya sa kuma saniyar da aka sayo daga nesa gab da haihuwa ba lalle ta kare ɗanta daga cututtukan sabon wuri ba. Rigakafin da ake so ya amfani maraƙi akan yi wa uwa ne saura makonni uku zuwa shida ta haihu. Ba kowace allura ko maganin tsutsa ne ya dace da mai ciki ba, saboda haka a sanar da malamin dabbobi cewa saniyar tana da ciki kafin ya yi mata komai.

Ranar haihuwa

Duk ɗawainiyar watanni biyu tana iya tafiya a banza idan aka yi sakaci a wannan rana. Ga matakan da muke ba da shawarar a bi:

1. A tanadi wuri busasshe mai tsabta, nesa da tarin kashin shanu, a shimfiɗa ciyawa.

2. A bar uwa ta lashe ɗanta. A share masa majina daga hanci da baki, a tsoma cibiyarsa a ruwan aidin.

3. A wanke kan nonon uwar da ruwa mai tsabta, a goge, kafin maraƙi ya kama.

4. A tsaya a tabbatar ya sha cikin sa'o'i biyu na farko. Ganin maraƙi a gindin uwarsa ba shi ne shaidar ya sha ba. A duba ko yana haɗiya, a kuma taɓa cikinsa a ji ko ya cika.

5. Idan bai miƙe ya kama ba, a tatsa a ba shi da kwalba mai kan roba. Abin da ake so ya sha shi ne kimanin kashi goma cikin ɗari na nauyinsa. Maraƙin Bunaji mai kilo 20 zuwa 25 yana buƙatar lita biyu zuwa biyu da rabi, ɗan Firisiyan mai kilo 40 kuwa lita huɗu. A sake ba shi kafin a cika sa'o'i goma sha biyu.

6. Kada a ɗura wa maraƙin da ba ya haɗiya, domin dakashin zai shiga huhunsa. A kira malamin dabbobi ya zura masa tiyo.

7. Kada a jinkirta tatsar farko. Jinkirin sa'o'i goma sha huɗu yana iya rage ƙarfin dakashi da kusan kashi ɗaya cikin uku, saboda nono yana zubowa yana tsinka shi.

8. Kada a sirka dakashi da ruwa, kada a ba da mai jini ko mai gudaji daga hantsa mai ciwo.

Idan uwa ta mutu ko ba ta da dakashi, a nemo tatsar farko ta wata lafiyayyar saniya da ta haihu a ranar, zai fi kyau daga garke ɗaya. Masu wutar lantarki suna iya ajiye rarar dakashi a firji na kwana biyu, ko a firiza har tsawon shekara. Idan za a yi amfani da shi, a narkar da shi ta hanyar sanya robar cikin ruwan ɗumi, ba a kan wuta ba, domin tafasa tana lalata sinadaran garkuwa. Inda babu firji a ba da shi nan take, saboda ƙwayoyin cuta suna ninkuwa cikin ƙasa da sa'a guda a yanayin zafi. Manyan gonakin madara kuma suna iya mallakar ma'aunin Brix, wanda ɗigo ɗaya ya ishe shi. Idan ya nuna 22 ko sama, dakashin yana da kyau.

A wasu wurare akan ɗebi dakashi a dafa a ci, wasu kuma suna zubar da shi bisa zaton yana sa maraƙi zawo. Kashi mai laushi da maraƙi ke yi a kwanakin farko ba cuta ba ce, dakashi ne ke wanke masa hanji. Haƙƙin maraƙi ne ya fara ƙoshi kafin kowa ya ɗiba. Wanda zai ci ragowar kuma ya dafa shi sosai, domin ɗanyen nono yana iya ɗauke da tarin fuka da bakkale, waɗanda ke kama mutane.

Kammalawa

Hausawa na cewa tun ran gini, tun ran zane. Shirin samun lafiyayyen maraƙi a watan Afrilu yana farawa ne da kaka, lokacin da harawa da dusa suke da araha. Muna kira ga makiyaya da manoma da su ƙirga shanunsu masu ciki tun bayan girbi, su tanadi abincin watanni biyu ga kowacce, su kuma riƙe lokacin haihuwarsu.

Haka nan muna kira ga hakimai da dagatai da masu unguwanni da arɗo-arɗo da su isar da wannan saƙo a tarukan jama'a da ranakun kasuwa, su kuma ja hankalin mutane a kan illar ƙona daji da ragowar amfanin gona. Ya dace malaman gona da ma'aikatan lafiyar dabbobi na ƙananan hukumomi su sanya duba jikin shanu masu ciki cikin ayyukan zagayensu na rani, su kuma koya wa mata, waɗanda su ne ke kan gaba wajen tatsa da sarrafa nono a rugage da yawa, yadda ake shayar da maraƙi mai rauni.

Duk mai neman ƙarin bayani yana iya tuntuɓar ofishin kula da lafiyar dabbobi ko sashen aikin gona na ƙaramar hukumarsa.